Dutsen Masu Barci

Da ƙafa na shiga Ajame ta Abijan, a bayan garken shanun wani Ba'adare, a shekarun da ake yaƙin Jamus. Ba neman arziki ya kawo ni Kurmi ba kamar sauran samarin ƙasarmu ta Tasawa, yayana Iro na biyo. Ya fita cin rani, damina ta yi ta zagayowa bai koma ba, har ɗan goron da yakan aiko wa Inna ya yanke. Ni kaɗai na rage mata namiji a gida, amma ita da bakinta ta ce in je in gano mata shi, ko a raye ko a mace.

Ajame na wancan lokaci ba irin na yanzu ba ne. Jar laka ce ko'ina, da bukkoki, da warin busasshen kifi, ga ruwan sama da ba ya neman izinin kowa. Na sauka a gidan Malam Gado, mai saukar fataken goro. A zaurensa nake kwana tsakanin huhunan goro, da rana in yi dako a kasuwa. Duk wanda na ji yana Hausa sai na tare shi da tambaya. Da yawa sun san Iro. Sukan ce dogon nan mai wushirya, wanda ke waƙa da kaya a kansa. Amma inda ya nufa babu wanda ya sani.

Ina cikin wannan nema sai wani mutum mai suna Tanko ya same ni a bakin kasuwa. Riga fara fes ce a jikinsa, a lokacin da yadi ya yi wuya har wasu na ɗaura buhu. Ya ce ya ji ana neman Iro Dogo, ai shekaranjiya ma a ƙwarya ɗaya suka sa hannu, yana can Tireshbil, hayin ruwa. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Ko Malam Gado ban tsaya na gaya wa ba, na bi shi.

Muka ratsa unguwar Nasara, muka hau gadar nan da ke kwance a kan ruwa, tana lilo in mota ta taka ta. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. Tanko ya riƙe mini hannu yana dariya, yana cewa kada in ji tsoro, ai ni ƙaninsa ne. Ya kai ni wani babban gida mai shingen kwano, tsakar gidan cike da maza zaune a ƙasa, yawanci Mosawa. Ya ce in zauna, zai kira Iro. Yana fita wani gardi, ɗan sandan Nasara mai jar hula, ya ja ƙofa ya rufe.

Na daɗe zaune ina kallon ƙofar. Wani dattijo Bazabarme da ke kusa da ni ya tambaye ni wa na zo nema. Na gaya masa. Ya girgiza kai, ya ce shi ma ɗansa aka ce masa yana nan. Ashe mutanen aikin tilas ne aka taro daga arewa, wasu suka gudu a hanya, kawuna suka kasa cika, Tanko kuwa sana'arsa ke nan, cike gurbi. Baƙo ko da ido makaho ne.

Aikin da aka sa mu a bakin ruwa ne. Gungumen katako ake turowa daga daji, wani ya fi ɗaki kauri, mu kuma mu shiga ruwa har ƙirji mu juya su, mu ɗaure su jere, a ja su zuwa inda jiragen ruwa suke. Ruwan da gishiri-gishiri, yana cin fata. Abinci rogo ne da ɗan gishiri, ni da na tashi da gero. Dattijon nan Bazabarme bai yi nisa ba, gungume biyu suka haɗe shi a tsakiya muna kallo, aka fito da shi aka shimfiɗe a kan yashi, aka ce mu koma ruwa. Ni kuma waya ta yanke ni a ƙwauri, ciwon ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Da ya fara wari har na kusa da ni suna kau da kai, sai shugaban aikin ya sa aka fitar da ni waje. Gyambon nan shi ya 'yanta ni.

Da jan gindi da dogara sanda na kai kasuwar Tireshbil, na faɗi a gindin rumfar wata mata 'yar ƙasar, Babauliya, mai sayar da aceke, wato garin rogon nan da suke turarawa. Na ɗauka kora ta za ta yi. Sai ta dube ni, ta dubi ƙafar, ta zuba mini aceke a ganye da ɗan kan kifi. Ba ta jin maganata, ba na jin tata. Da na gama ci ta bar rumfarta ta tafi, ta dawo da wani mahauci Bahaushe, Audu Na-Ƙwanni, ta nuna masa ni da baki, ta koma bakin sana'arta.

Audu ya ɗauke ni zuwa gidansa. Shi da kansa yake wanke mini gyambon da ruwan zafi, ya barbaɗa garin bagaruwa, ina ihu yana ce mini in ciji bakin rigata. Matarsa ta dama mini fura ta gero na gaske, ban san inda ta samo shi ba. Da na kai ludayin farko baki sai hawaye suka zubo mini, na juya fuska bango don kada 'ya'yansa su gani. Da na fara takawa, sai na riƙa zama a teburinsa ina kore ƙuda daga nama.

Sau ɗaya na sake ganin Tanko, a masallaci, a sahun gaba. Da aka sallame ya wuce ta gabana, ya miƙo mini hannu kamar bai taɓa ganina ba. Na yunƙura, Audu ya danne mini kafaɗa. Ya ce, «Bar shi. Da gardi yake cin abinci. Ka taɓa shi, ruwa za ka koma.»

A teburin naman nan labarin Iro ya same ni. Wani ɗan dakon goro ya zo sayen kayan ciki, ya tsaya yana kallon bakina, ya tambaya ko ni ƙanin Iro ne, don haƙoranmu iri ɗaya. Ya ce bara ya baro shi a yamma, ƙasar Man, inda ake sarar goro. Ya bar dako, ya zauna a wani ƙauyen mutanen ƙasar yana yi musu aikin gona. Sai ya sosa ƙeya, ya ce lokacin da suka rabu ya ga ƙululu a bayan wuyansa. Ban gane abin da yake nufi ba. Audu ya gane, don na ga ya ajiye wuƙa.

Audu ne ya haɗa ni da wani Bajule falken goro mai zuwa Man, a kan in riƙa yi masa lodi. Babu man mota a ƙasar saboda yaƙi, babbar motarsa, kamiyon, da gawayi take tafiya, da wata tukunyar ƙarfe a gefe da ake hura wa wuta. In an zo hawa sai kowa ya sauka a tura. Ba ni da takardar wucewa, saboda haka duk inda aka hango shingen gardi sai in kwanta a ƙarƙashin buhunan gishiri a rufe ni da tamfol. Gishirin yana zubowa a kan tabon ƙafata, ina cije da leɓe. Muka wuce Dalowa, aka ƙetare da mu wani babban kogi a kan kwale-kwalen da aka jera wa katako. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Ni da a garinmu ba abin da ya fi tudun rairayi da rumbu tsawo, sai ga duwatsu sun tsaya a gabana, kore shar, kawunansu a cikin gajimare.

A zangon Man limami ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ciwon barci ne ya shiga ƙasar, wanda tsando ke kawowa. Masu allura na Nasara suna bin ƙauyuka, su jera mutane, su lalluba wuyan kowa. Wanda aka samu da ƙululu sai a shafa masa farin fenti a ƙirji, a kai shi sansani. Wasu suna warkewa su dawo, wasu su dawo ba ido, wasu ba sa dawowa. Don haka mutanen ƙauye suka koma ɓoye marasa lafiyarsu a kan duwatsu. Ya ce an shafa wa Iro fenti, ya gudu kafin a tafi da su, kuma an ce yana kan wani dutse a bayan ƙauyen da ya zauna. Na nuna babban dutsen da ke tsaye kan garin kamar haƙori, na ce ko wancan ne. Ya ce a'a, wancan kowa ya san shi. Wannan wani ƙarami ne can baya, ko sunansa babu wanda ya sani a zango. Ya ce in je ƙauyen in nemi wani tsohon kafaran na soja, Gonto, shi kaɗai zai ji maganata.

Gonto ɗan ƙasar ne, Bayakuba, gajere, furfura ta cinye masa kai, yana ɗingishi da ƙafa ɗaya. Ya yi soja a barikin Damagaram, can ya tsinci 'yar Hausarsa. Da na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ce bai san wani Iro ba, babu kowa a kan dutse sai birai. Na zauna a ƙofar bukkarsa ban tashi ba. Ya shiga, ya fito, ya je gona ya dawo, ina nan. Da la'asar ya tsuguna gabana ya ce in buɗe baki. Na buɗe. Ya daɗe yana kallon wushiryata, sa'an nan ya ce gobe da sassafe za mu hau, amma in na gaya wa masu allura hanya, shi da kansa zai sare ni.

Mun fita ƙasa na jiƙe da raɓa. Abin da muka fara tararwa kogi ne mai gudu, da gadar da aka saƙa da igiyoyin daji, an rataye ta daga wannan itace zuwa wancan. Wurin taka ƙafa bai fi faɗin tafin hannu ba. Gonto ya ce ba a hawanta da takalmi. Na ce ai ba ni da shi. Ya wuce da gurguwar ƙafarsa kamar mai tafiya a tsakar gida, ni kuwa na bi ina karanta duk abin da na sani, gadar na rawa, ruwa na ruri a ƙarƙashina.

Hayin kogin gonakin shinkafa ne a jikin gangare, irin wadda ake shukawa a tudu. Mata na sunkuye suna cire ciyawa, babu wadda ta ɗago ta dube mu. Daga nan muka shiga daji. Rana ta ɓace. Itatuwa sun haɗe a sama, ƙasa baƙa, santsi kamar an zuba kuɓewa. Hanyar ba hanya ba ce, wurin da ruwa ke gangarowa ne, saiwoyi su ne matakala. Kafin a jima numfashina ya fara fita da ƙara. Na taka layin kwarkwasa ban gani ba, suka hau ni har cinya, na tsaya ina tsalle ina karkaɗe wando. Gonto bai yi dariya ba, ya jira ni kawai. Tsando kuma na biye da mu, duk wanda ya sauka mini a wuya sai in mare shi da ƙarfin da ya fi na cizon.

A wani wuri muka zo gindin wani ƙaton dutse da aka ɗaure da ganyen kwakwa. Gonto ya fito da ƙwai da farin goro ya ajiye, ya yi maganganu da harshensu. Na ja baya ina neman tsari a zuci. Ya waiwayo ya ce, «Kai ma yi naka. Hanya gaba ba kyau.» Na ɗaga hannu na yi Fatiha, ya tsaya har na shafa.

Gaskiyarsa. Daji na ƙarewa sai falalen dutse, tsirara, a miƙe kamar bango ya ɗan kishingiɗa, ruwa na tsiyaya a kansa. Muna fara hawa hadari ya sauko mana. Ba daga sama ruwan ya zo ba, daga gefe ya zo, da iska mai sanyin da ban taɓa ji ba. Na koma rarrafe, ina cusa yatsu cikin tsagar dutse. Tabon ƙafata ya goga a wani kaifi ya buɗe, na ga jinina yana bin ruwa yana gangarawa. Na yi kuskuren bin sa da ido. A ƙasa can na hango kawunan itatuwan da muka ratso, sun zama kamar gonar gyaɗa. Na manne a jikin dutsen, na kasa gaba na kasa baya, na ce yau Inna ta rasa biyu.

Gonto ya gangaro da baya har inda nake. Ya kwance tsohuwar ɗamararsa ta soja, ya miƙo mini bakin, ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa. Ba ja na ya yi ba, don ba shi da ƙarfin jan ƙato kamata. Riƙewa kawai ya yi. Haka muka hau, in ya matsa in matsa, idona a kan diddigensa, har dutsen ya kwanta.

Kafin ƙololuwa akwai wani ɗan fili a tsakanin manyan duwatsu, iska ba ta shiga sosai. A nan bukkokin suke, 'yan ƙanana, na ganye. Wari ne ya fara tarbarmu. Mutane na kwance a kan tabarmi, wasu a ciki wasu a waje, ruwa na dukansu ba su motsa ba. Wata yarinya na zaune da loma a hannu, barci ya ɗauke ta kafin ta kai baki. Wani mutum an ɗaure masa ƙafa a turke, yana ta dariya shi kaɗai, Gonto ya ce ciwon ne ya hau masa kai, in an sake shi zai faɗa rami. Mata biyu ko uku ne masu lafiya a wurin, su ke hawa da abinci.

Da Gonto bai nuna mini ba, da na wuce Iro. Mutumin da ke ɗaukar huhu biyu yana waƙa ya zama ƙashi da fata, fuskar a kumbure, jiki duk tabon susa. Yana jingine da dutse, wata mata na ba shi ruwan shinkafa da cokalin itace, da goyo a bayanta. Na durƙusa na ce, «Yaya.» Ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ni ya daɗe, ya kira ni da sunan babanmu da ya rasu tun muna yara. Ya ce ya kai awaki rijiya, kada a doke shi. Sai kansa ya faɗi a ƙirji.

Gonto ya gaya mini matar nan matar Iro ce, 'yar ƙanwar Gonto ɗin ce. Sunanta ya fi ƙarfin harshen Iro, shi ya sa yake ce mata Ladi. Ita ta goyo shi da taimakon 'yan'uwanta suka hawo da shi nan. Yarinyar da ke bayanta tasa ce. Na dubi jaririyar, ta dube ni, ga goshin gidanmu sak.

Na zauna a kan dutsen nan kwanaki. Ina ɗebo ruwa a wani kwarmi, ina juya shi, ina wanke shi, ni da Ladi muna magana da hannu. Mafi yawan lokaci barci yake. Amma wata safiya rana ta fito, ya farka idonsa garau, ya ce, «Mamman, kai ne? Wa ya bar ka ka zo nan?» Na ce Inna ce. Ya tambayi lafiyarta, ya tambayi gonar fadama, ya tambayi ko an sake rufin ɗakinta. Na ce masa ya bari in goya shi mu sauka, in kai shi wurin masu allura, wasu ai suna warkewa. Ya ce waɗanda ake kamawa da wuri ne suke warkewa, shi nasa ya riga ya shiga kai, ya sani. Ya ga abokinsa da aka dawo da shi ana ja masa sanda. Shi yana so ya je gaban Allah da idonsa.

Sai ya ce abu ɗaya yake so. Tun da aka kawo shi yake jin cewa daga can ƙoli ana ganin nesa, amma bai taɓa samun mai kai shi ba.

Ladi ta taimaka ta ɗora mini shi a baya, ta ɗaure mu da zanenta. Bai kai buhun gishiri nauyi ba. Abin da ya rage na hawan ba shi da tsawo, amma duwatsu ne a kan duwatsu, sai an ratsa ta tsakaninsu, wani wuri a gicciye. Ina jin numfashinsa a wuyana, ina jin ƙasusuwan ƙirjinsa a bayana. Ƙololuwar kanta ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, dutse ne fari da ɗan ciyayi a tsaga, babu itace, babu alamar wani ya taɓa zama. Na sauke shi, na zauna a bayansa ya jingina da ni. Ya ce in juya shi arewa.

Ya ƙura ido ya daɗe. Sa'an nan ya ce idon nasa ba ya kaiwa nesa, in gaya masa abin da nake gani. Na ce duwatsu ne, wani bayan wani, duk daji ya rufe su.

Ya ce, «Bayansu fa?»

Na ce, «Wasu duwatsun ne, Yaya. Daga nan sai gajimare.»

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, «Ashe mun yi nisa.» Can ya ce yarinyar sunan Inna ya sa mata, Hajara, shi da kansa ya yi mata huɗuba a kunne, don babu malami. Ya ce in gaya wa Inna. Ya fara wata magana a kan raƙumin wani kawunmu, bai ƙarasa ba barci ya ɗauke shi. Na bar shi a jikina har rana ta yi zafi, sa'an nan na goyo shi muka sauko. Bai ƙara farkawa da hankalinsa ba. Bayan kwana biyu, da hantsi, Ladi na ɗiga masa ruwa a baki, ruwan ya dawo ta gefe.

Mutanen wurin suna da kogon da suke sa matattunsu. Na ce wa Gonto nawa sai ƙasa. Muka yi ta yawo a kan dutsen muna neman inda ƙasa ta yi zurfi, ko'ina ka sara sai fartanya ta yi ƙara. Daga ƙarshe muka sami wata tsaga tsakanin duwatsu biyu inda ruwa ya tara ƙasa. Da guntuwar fartanyar Ladi da hannuwana na tona. Bai kai zurfin da ake so ba, kuma tsagar ba ta daidaita da gabas sosai ba, sai da na karkata shi. Na yi masa wanka yadda na ga ana yi. Likkafani babu. Rawanin da na zo da shi daga gida na warware, bai rufe shi duka ba, Ladi ta kwance zanenta mai kyau ta rufe ƙafafun.

Na tsaya yi masa salla ni kaɗai, liman ba mamu. Na ɗaga hannu zan yi kabbara sai na ji motsi a bayana. Gonto ne ya zo ya tsaya, ya ƙame, hannuwa a gefe kamar a fareti. Daga baya ya ce mini a Damagaram ya ga ba a barin mutum ɗaya ya tsaya wa gawa. Muka rufe shi, muka jera duwatsu masu nauyi a kai saboda namun daji.

Da za mu sauka na roƙi Gonto ya gaya wa Ladi ina so in tafi da yarinyar wurin kakarta, in ta yarda ita ma ta biyo mu. Ya faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙara tamke goyonta, ta yi magana gajeriya. Gonto ya ce, «Ta ce kai ka zo jiya. Ita ta ɗauke shi da rai, ta ɗauke shi ba rai. Wannan ba mai ɗauka.» Na taɓa kan yarinyar, na yi mata addu'a, na bi Gonto. Saukar ta fi hawan wuya, da gindi na yi rabinta, amma ban ji tsoro ba, ban ji komai ba.

Na koma Ajame da fataken goro. Malam Gado ya ɗauka na mutu tuntuni. Ban iya komawa gida ba a wannan shekara, ƙafar ta sake ruɓewa, kuma ban san da wane ido zan dubi Inna ba hannu rabbana. Da masu koren shanu za su koma arewa na ba wani ɗan garinmu saƙo. Ya tambaye ni sunan garin da zai ce an binne shi. Na ce ba gari ba ne. Na ce ya gaya wa Inna a kan dutse yake, ni na yi masa wanka na yi masa salla, kuma ya bar 'ya mai sunanta.

Da shanu suka sake saukowa mutumin ya dawo mini da amsa. Inna ta yi kuka ta yi haƙuri. Ta ba shi wata 'yar jigida da ta tsinke daga tata ta sake shiryawa daidai ƙugun jariri, ta ce a kai wa takwararta.

Sai bayan an gama yaƙi, an daina aikin tilas, na sami komawa Man. Na tarar da ƙauyen kango. Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya sa an tashe su an mai da su bakin hanyar mota, an haɗe su da wasu ƙauyuka don masu allura su riƙa samunsu. Gonto ya rasu. Na bi bukka bukka ina tambayar Ladi, babu wanda ya san wata Ladi, don ba sunanta ba ne, ni kuwa na gaskiyar ban taɓa riƙe shi ba. Gadar igiya ta tsinke, ba mai gyarawa. Na tsaya a bakin kogin ina hangen dutsen a hayi, daji ya rufe hanyar. Na karanta masa abin da ya sawwaƙa daga nan inda nake, na mai da jigidar aljihu, na juya neman motar Abijan.